Uwargida, Ƙasan Ɗakinki Naki Ne, Ko Da Na Tayil Ne

Yau zancen ƙasan ɗaki za mu yi, watau inda kike taka ƙafarki tun daga asuba har ki kwanta.

Duk wadda ta tashi a ƙasar Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, in dai ta ɗan manyanta, ta san daɓe. A da, maza su yi gini, su ɗora azara, su yi rufi, sa'an nan su kakkaɓe hannu su fita. Abin da ya rage na mata ne. A kwaso tsakuwar marmara a shimfiɗa, a yayyafa ruwa, a gayyato maƙwabta kowacce da madaɓinta, a durƙusa a yi ta bugu ana waƙa ana habaici, har ƙasa ta kwanta sumul. In ta sha iska sai a zuba mata ruwan makuba, wanda ake jiƙowa daga ɓawon ɗorawa, ko kuwa ruwan bagaruwa, ya ba ta ƙarfi da duhu mai sheƙi. Ba a taɓa yin daɓe mai ɗaki ba ta wurin ba. Ita ke cewa nan ya yi tudu, can ya yi kwari, a karkata shi wajen ƙofa.

Siminti ya zo ya kori daɓe, leda ta zo ta rufe siminti, yanzu kuma tayil ake yayi. Ba ni da ƙorafi a kan tayil. Yana da sauƙin shara, ba ya tara ƙura, kuma da bazara yana sanyaya ɗaki. Abin da ke damuna shi ne, tun da ya shigo, an fitar da mu daga shawara. In kaka ta yi, an sayar da masara da auduga, maigida sai ya shiga mota zuwa Funtuwa, ko ya aika Ƙofar Ruwa a Kano, ya zaɓo wanda ya fi ɗaukar ido. Masu aiki su shigo, ke kuwa kina ƙuryar ɗaki don kunya. Su gama, a biya su, su tafi. Ke ce za ki zauna da abin shekara ashirin, ki share, ki goge, ki ɗauko ruwan zafi ki bi ta kansa da goyo a bayanki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka ki sa bakinki tun kafin a sayo, domin yawancin ɓarnar tayil ana yinta ne tun ba a kafa ko guda ɗaya ba.

Da fari ki san ko mene ne shi. Tayil ɗan'uwan tukunyarki ne, yumɓu ne gasasshe, sai dai ana matse shi da inji, a shafa masa ruwan ƙyalli, a gasa shi da wuta mai zafin da ya haura digiri 1,000. Cikin abin da ake haɗa shi da shi har da farar ƙasa, wadda Turawa ke kira kawolin, sunan da suka samo daga wani wuri a ƙasar Sin inda aka daɗe ana haƙarta. Mutanen Ƙanƙara ba sai an yi musu bayaninta ba, gama ƙasarsu ta yi suna da ita a Nijeriya duka, masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa sun daɗe suna bincike a kanta. Abin mamaki, farar ƙasa tana gindinmu, amma tayil sai ya zo mana daga nesa: wani daga masana'antun Ajakuta a Jihar Kogi, wani daga Jihar Ogun, wani kuma daga Sin ko Indiya ko Sifen.

Iri biyu za ki fi gani. Akwai mai shan ruwa, wanda sau da yawa bayansa ja ne ko ruwan ƙasa, shi ya fi araha. Akwai kuma fosilin, mai nauyi da tauri, wanda kusan ba ya shan ruwa sam. In kina so ki rarrabe su, ki juya bayansa ki ɗiga ruwa. In ya tsotse nan da nan, na farko ne. In ɗigon ya tsaya yana kallonki, fosilin ne. Ban da wannan, na bango dabam, na ƙasa dabam. Na bango siriri ne, ba a yi shi don a taka ba. Kada a ruɗe ki da cewa ya fi sauƙin kuɗi a shimfiɗa miki shi a ƙasa, araha ba ta ado.

To, ga babban abin da ya sa na ɗauko wannan zance: santsi. Shekarun baya wata gwaggona, tsohuwa mai ƙarfinta, ɗanta ya gyara mata banɗaki don ya faranta mata rai, ya sa mata farin tayil mai sheƙi kamar faranti. Ba a yi wata biyu ba, ta shiga alwalar asuba, ƙafa ta zame, ta karye a ƙugu. Tun daga ran nan ba ta sāke zuwa ko da gidan biki da ƙafarta ba. Yaron bai yi da mugunta ba, bai dai sani ba ne, kuma bai tambayi kowa ba. Tsoho in ya karye a ƙugu, da wuya ya koma yadda yake. Haka kuma ki tuna da mai juna biyu, da yaron da ke koyon tafiya.

Don haka banɗaki, da madafa, da bakin ƙofa, da duk inda ruwan sama ke fesowa, mai kaushi za a sa, wanda in kin shafa shi da hannu za ki ji yana ɗan riƙe ki. Mai sheƙi a bar shi ga bango, ko falon da ba a shiga da ruwa. Ki roƙi maigida ya karɓo guda ɗaya ya kawo gida tukuna. Ki zuba masa ruwa da ɗan sabulu, ki dafa bango, ki gwada shi da tafin ƙafa, ki kuma gwada da silifa. Abin da ƙafarki ta faɗa miki, shi za ki faɗa wa Malam.

Akwai wuraren da bai kamata a sa shi ba ko kaɗan. Inda kike ajiye turmi ɗaya ne. Daka uku ya isa ya tsaga shi, ko fosilin ne. Gindin murhun itace ma haka. Ki ce a bar miki waɗannan da siminti ko da ƙasa. Sai kuma bangon ginin ƙasa. Tayil ba ya kama laka, siminti yake kamawa, simintin da aka shafe a kan tubali kuwa yakan rabu da shi in danshi ya shiga tsakani, wata rana ki ji ya zubo gaba ɗaya, da shi da tayil ɗin. In bangon banɗakinku na ƙasa ne, gara a ja siririn bulo daga ciki a manna a kansa. In kuma kin ga gindin bango yana fitar da farin zartsi yana ɓarɓashi, kada a rufe shi da tayil don a ɓoye. Danshin zai hau sama ne ya fito ta bisa.

Yanzu sai awo, kuma ba wani abu ne mai wuya ba, ɗanki na firamare ma zai iya. A auna tsawo da faɗi, a ninka. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, watau mita 3.66, ya kama murabba'in mita 13.4. Tayil mai santimita 60 kowane gefe yawanci guda 4 ne a kwali, kwali ɗaya kuwa yana rufe murabba'in mita 1.44. Ke nan kwali 10 zai rufe ɗakin da kyar. Amma za a yanka, wani zai fashe, don haka a ƙara kashi 10 cikin ɗari, a sayi kwali 11. In za a zagaye gindin bango da shi, sai a ƙara lissafin wannan dabam. Wasu kwalayen adadinsu ya sāɓa, a duba abin da aka rubuta a jiki.

Kada a ce a sayi rabi, in an samu kuɗi a cika. Tayil gashi-gashi ake yinsa, kamar waina, kuma kowane gashi da ɗan bambancin launinsa, wani lokaci har da girma. Akwai lambar gashin a jikin kwali, a tabbata duka ɗaya ce. A kuma buɗe kwalayen tun a shago, a tsayar da su a tsaye cikin mota, kada a kwantar, gama hanyar Ɗandume zuwa Sabuwa ko ta Sheme zuwa Ƙanƙara ba ta tausayin kayan fashewa. Kin kuma san halin da hanyoyin yankinmu suka shiga tun da fitinar 'yan bindiga ta taso. Ba daidai ba ne a sāke tura mutum Funtuwa saboda kwali ɗaya.

Tayil ba ya gyara ƙasa, binta yake yi. In ƙarƙashinsa ya motsa, shi ma ya tsage. Mu nan kudancin Katsina mun fi su Daura samun ruwan sama, kuma wurare da yawa ƙasarmu laka ce, ta kumbura da damina, ta dare da rani. Saboda haka cikon ɗaki sai an daddaɓe shi ƙwarai, nan fa aikin kakanninmu bai tsufa ba, sa'an nan a shimfiɗa leda mai kauri don tare danshi, kāna a zuba kankare. Kankare kuwa sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfinsa. A riƙa yayyafa masa ruwa a makon farko, musamman da hunturu da iska ke busar da kome. Na san gaggawar biki ita ke sa a ƙi jira, an sa rana, ana so a yi jere. Ba a fafe gora ranar tafiya. In lokaci ya ƙure, gara amarya ta tare a kan siminti da leda, a sa tayil daga baya.

A banɗaki da tsakar gida ki kula da gangara. Kowace mita ɗaya, ƙasa ta sauka kamar santimita 1 ko 2 zuwa wajen rariya, ƙasan banɗaki kuma ya fi na ɗaki zurfi kaɗan don kada ruwa ya biyo ki. Duk bututun ruwa a binne shi, a gwada shi, tun kafin a rufe.

Ranar aiki, ki aika yaro ya ce wa mai sa tayil, "Malam, in ji Umma, don Allah a jera layi ɗaya ba siminti ta gani." Mai sanin aikinsa ba zai ji haushi ba, shi ma haka yake so. Da wannan za a san inda yankakku za su faɗa. Cikakku su kasance a bakin ƙofa da inda ido ke sauka, guntaye su tafi bayan gado da ƙarƙashin kabad. A kuma gwada ƙofa, domin ƙasa za ta tashi, sau da yawa sai an rage ƙyaure. Mai shan ruwa, in da kwaɓin siminti za a sa shi, sai an jiƙa shi a baho tukuna, in ba haka ba ya shanye ruwan simintin ya ƙi kamawa. Fosilin ba ya bukatar jiƙo, amma ya fi kamuwa da gam ɗin tayil, irin na buhu. Kowanne ne dai, a cika bayansa duka. Wasu masu aiki, don su rage siminti su yi sauri, sukan ɗiga dunƙule biyar kamar ƙosai su danna, su bar iska a ƙarƙashi. Irin wannan shi ne ƙafar gado kan huda.

Kada kuma a haɗe su ƙam don a ce ya yi kyau. A bar tsakani kamar milimita 2 ko 3, a kuma bar ɗan fili a gindin bango. Tayil yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi; in bai sami wurin miƙewa ba, wata rana da tsakar bazara za ki ji ƙara kamar an harba bindiga, ki ga tsakiyar ɗaki ta yi tozo. Na bango kuwa, ba daga ƙasa ake farawa ba. Akan kafa miƙaƙƙen katako a fara daga layi na biyu, a dawo a cike na ƙasa bayan an gama daɓen, don ruwan da ya gangaro daga bango ya sauka a kan tayil, ba bayansa ba.

In sun tashi aiki, kada kowa ya taka sai ya kwana ya wuni. Sa'an nan ki shiga da makulli a hannu, ki bi su ɗaya ɗaya kina ƙwanƙwasawa, tsakiya da kusurwa. Wanda ya kamu zai amsa da murya a dunƙule, wanda ke da rami zai yi ƙara kamar ƙwarya. Ki yi masa alama da gawayi. Ki tura kwabo ko murfin kwalba a ƙasa, inda ya tsaya ya yi karo, can gefen wani ya fi wani tudu, kuma can yatsan ɗanki zai yi tuntuɓe. Kāna ki sheƙa bokitin ruwa a banɗaki ki tsaya ki gani. In ya nufi rariya ya fice, madalla. In ya kwanta a kusurwa, a gyara tun siminti bai tsufa ba. Ki gaya wa maigida tun farko ya yi ciniki a kan murabba'in mita, ya kuma riƙe wani abu daga kuɗin sai kin gama wannan dubawa.

Wajen cike tsakani, mutane sun fi son farin siminti, amma a ƙasa ba ya wata uku sai ya koma baƙi. Mai ruwan toka ko ruwan ƙasa ya fi rufa asiri. A goge saura da jiƙaƙƙen soso tun bai bushe ba. Ruwan asid ɗin da ake sayarwa don wanke tayil kuwa, ki yi nesa da shi, yana cinye simintin tsakani, yana ƙona hannu, ga yara a gida. Ruwa da ɗan garin sabulu sun isa, a bi da busasshen tsumma. Da hunturu ki shimfiɗa wa yara da tsofaffi tabarma ko darduma, gama sanyinsa yana ratsa ƙashi.

Ragowar guda huɗu ko biyar da suka saura, kada ki bari a ba yara su yi wasa, kada kuma mai aiki ya tafi da su. Ki mai da su cikin kwalinsu mai lamba, ki tura ƙarƙashin gado. Ranar da taɓarya ta suɓuce ta fasa ɗaya, irinsa ya daɗe da ƙarewa a kasuwa.