2.4 Amfani da Bidiyo Wajen Koyar da Magana da Turanci

Ɗalibin da ya tashi a Lausu, ko a wani ƙauye na ƙasar Rano da Kibiya, yakan fara karatun Turanci tun yana firamare. Sai dai akan tarar ya kammala sakandare yana iya cike gurbi a takarda, amma idan aka tsayar da shi ya yi magana ta minti biyu sai baki ya yi nauyi. Dalili shi ne, a gida da kasuwa da masallaci Hausa yake ji. Turanci kuwa daga bakin malami kaɗai yake fitowa, shi ma yawanci karatun littafi ne, ba zance ba. Hatta jarrabawar WAEC ba ta taimaka ba, domin a Nijeriya ɓangarenta na furuci a rubuce ake amsa shi: ɗalibi ya zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu ba tare da ya buɗe baki ba.

Wannan matsala ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. Ɗalibin jami'a a Japan ma yakan shafe shekaru yana koyon Turanci a ƙasar da ba a magana da shi a titi, abin da ya sa gwamnatinsu ta ƙirƙiro shirin JET a 1987 don ɗauko matasa daga Amurka da Ingila da wasu ƙasashe su taya malamai aiki a aji. Har ta fuskar furuci akwai kama. Bajapane da Bahaushe duk sukan cusa wasali a tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, kamar yadda aka samu burodi da sukurudireba a Hausa. Bajapane na rikita /l/ da /r/, Bahaushe kuwa /p/ da /f/. Makarantun karkarar Rano ba su da halin ɗauko Bature. A nan ne bidiyo ya shigo.

Lonergan (1984) ya nuna cewa fifikon bidiyo a kan kaset na murya shi ne yana kawo zance tare da yanayinsa. Wato ɗalibi zai ga mai magana da wanda ake yi wa, ya ga shekarunsu da matsayinsu da wurin da suke, ya ga motsin leɓe da na hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya saba da doguwar gaisuwa, a tambayi gida da aiki da gajiya kafin a faɗi abin da ya kawo mutum. Littafi zai ba shi jimlar gaisuwar Turanci, amma ba zai nuna masa gajartarta ba, balle yadda ake kallon idon babba ba tare da an ɗauke shi rashin kunya ba. Haka kuma bambancin /p/ da /f/ abu ne da ido ke gani: a na farko leɓɓa biyu ke haɗuwa, a na biyu haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa.

To amma kunna bidiyo ba shi ne koyarwa ba. Tun bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990 jama'a suka saba da fim a matsayin nishaɗi, a zauna a yi shiru a sha kallo. Idan malami ya saki fim na awa guda, abin da zai samu ke nan. Stempleski da Tomalin (1990) sun ba da shawarar a yi aiki da gajerun yankuna, kuma a sarrafa su. Alal misali, a rufe murya a bar hoto, ɗalibai su ƙaddara abin da mai saye da mai shago ke faɗa, sannan a buɗe su gwada da nasu. Ko a tsayar da hoto a tsakiyar zance a nemi su faɗi amsar da za ta biyo. Ko kuma rabin aji ya juya baya, sauran su bayyana musu abin da suka gani. A kowane hali, lokacin da ɗalibi ke magana ya kamata ya fi na kallo yawa.

Game da kayan aiki, zamanin kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fitar a 1976, ya wuce. Yanzu wayar malami na iya ɗaukar yankunan bidiyo masu yawa ba tare da jiran wutar lantarki ba. Cikas ɗin shi ne ƙanƙantar fuskarta a gaban cikakken aji, don haka sai an raba ɗalibai rukuni-rukuni, ana zagayawa da ita yayin da sauran ke maimaita zancen da suka riga suka gani.