Bambancin "remember", "remind" da "bear in mind" a Turanci

Masu koyon Turanci kan rikita waɗannan kalmomi, domin a Hausa "tuna" kan ɗauki ma'anar biyu daga cikinsu. "Remember" na nufin mutum ya tuna abu da kansa. "Remind" kuwa tunatar da wani ne. Saboda haka ma'aikacin da ya rubuta wa abokin aikinsa "remember me about the meeting" ya yi kuskure, "remind me" ya kamata ya ce.

"Bear in mind" ba ta shafi mantuwa ba, ma'anarta a riƙe abu a rai yayin yanke shawara. Idan kuma takardar ofis ta ce "take into account", ana nufin a saka abin cikin lissafi kafin a zartar da hukunci.