Katangar da ake binnewa don tare guba

Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ba a tsaye yake ba. Yana ratsa yashi da tsakuwa a hankali, kuma duk dagwalon da masana'anta ta zubar ko ta binne, da shi yake tafiya. Gubar da ta nitse a nan yau, bayan shekaru sai ta ɓullo a rijiyar unguwar gaba.

Dabarar da aka fi sani ita ce a haƙa rami siriri mai zurfi a kewaye wurin, a cika shi da ƙasar da aka kwaɓa da bentonait, wata laka mai kumbura in ta sha ruwa har ta toshe kowace kafa. Dole gindin katangar ya zauna a kan dutse ko yumɓu mai tauri. In bai kai can ba, ruwa ya zagaye ta ƙasa, an yi aikin baban giwa. Kuma kada a ruɗe: wannan katanga tsare guba kawai take yi, ba ta kashe ta. Shi ya sa ake rufe saman wurin saboda ruwan sama, a riƙa zuƙo na ciki ana tacewa.

Wadda ta fi burge ni ita ce katangar da aka gina don ruwa ya ratsa ta. A garin Elizabeth City na jihar North Carolina a Amurka, kuromiyam daga wani shagon shafa wa ƙarfe ƙyalli ya gurɓata ruwan ƙasa kusa da kogin Pasquotank. A 1996 sai aka haƙa rami mai tsawon mita 46, zurfin mita 7 da 'yan kai, aka cika shi da ɓarɓashin ƙarfe zalla. Ruwa na wucewa, ƙarfen na yin tsatsa, a haka yake juya kuromiyam mai guba ya koma nau'in da ba ya narkewa, ya maƙale a cikin katangar. Ba inji, ba lantarki. (Sinadarin nan ba baƙo ba ne a Kano, da gishirinsa ake jimar fata a Sharaɗa da Challawa.)

Tsatsa da gishirin ruwa suna iya toshe ƙarfen sannu a hankali, don haka ake haƙa ƙananan burtsatse gaba da bayan katangar, ana ɗibar ruwa ana aunawa shekara da shekaru.