Gwajin Lalurar Down Tun Jariri Yana Ciki: Jita-jita da Gaskiyar Magana

Lalurar Down yanayi ne da ake haihuwar mutum da shi, kuma tushenta yana cikin ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya a jikin ɗan Adam tana ɗauke da ƙunshin gado guda 46, waɗanda likitoci ke kira kuromosom: 23 daga uwa, 23 daga uba, a jere bibbiyu. Mai lalurar Down yana da 47, domin na lamba 21 ya zo uku maimakon biyu. Wani likita ɗan Ingila, John Langdon Down, shi ne ya bayyana siffofinta a 1866, amma sai a 1959 masu bincike a Faransa suka gano wannan ƙarin. Ana gane ta da laushin jiki tun daga haihuwa, da shafaffiyar fuska, da idanu masu ɗan ɗagawa ta gefe, da jinkirin zama da tafiya da magana. Wani bincike da aka yi a Ibadan, aka wallafa a 1982, ya samu jariri ɗaya cikin kowane 865 da lalurar, kusan daidai da abin da ake samu a sauran duniya. Ke nan maganar cewa ciwon Turawa ne ba ta da tushe.

A garuruwan Batsari da Safana, kamar sauran ƙasar Hausa, irin wannan yaro sau da yawa ana ce masa ɗan ruwa. Sai a ce uwar ta fita da magariba, ko ta je rafi da tsakar rana, ko ta yi wanka da dare, aljanu suka musanya abin da ke cikinta. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma shi ne zancen da ya fi cutarwa, domin yana ɗora wa mace laifin da ba ta yi ba, yana sa a ɓoye yaro a ɗaki, ana kashe kuɗi wurin masu magani, alhali wataƙila zuciyarsa ce take bukatar likita. Ƙarin kuromosom ɗin yana faruwa ne wajen rabuwar ƙwan mace ko na namiji, ko a kwanakin farko na shigar ciki, tun matar ba ta san tana da juna biyu ba. Babu abin da ta ci, ko ta gani, ko ta tsallaka da ya jawo shi. Allurar tazarar haihuwa da rigakafin da ake yi wa masu ciki wurin awo su ma ba su da hannu.

Ana kuma danganta lalurar da auren zumunci. A nan an haɗa abu biyu ne. Auren dangi yana ƙara yiwuwar cututtukan da sai uwa da uba sun haɗu wajen gadar da su, kamar sikila. Lalurar Down ba haka take ba: kusan kashi 95 cikin 100 kuskure ne na lokaci ɗaya da ba a gada daga kowa ba. Akwai wani nau'i, kashi 3 zuwa 4 cikin 100, inda kuromosom na 21 ke manne wa wani. A cikin wannan ne kawai ake samun wanda ya bi jini, kuma mai ɗauke da shi zai iya zama mijin ko matar.

Maganar shekaru kuwa gaskiya ce, sai dai rabinta ake faɗa. Yiwuwar tana ƙaruwa da shekarun uwa: wajen ɗaya cikin 1,250 a shekara 25, ɗaya cikin 350 a shekara 35, ɗaya cikin 100 a shekara 40, ɗaya cikin 30 a shekara 45. Wannan ya shafi yankin da mace kan ci gaba da haihuwa har ta yi jikoki. Rabin da ba a faɗa shi ne 'yar shekara 19 ma tana iya haifar mai lalurar, kuma ko a shekara 40 ɗin, 99 cikin 100 na jariran ba su da ita.

Inda ruɗani ya fi yawa shi ne gwaji, domin iri biyu ne kuma mutane na ɗaukarsu abu guda. Na farko na tantancewa ne: yana faɗin yawan yiwuwa, ba ya yanke hukunci. Tsakanin mako 11 zuwa 14 ana yin hoton ciki a auna kaurin ruwan da ke bayan wuyan ɗan tayi, a haɗa da gwajin jinin uwa da shekarunta, a fitar da lissafi. Wadda ta wuce wannan lokaci akwai wani gwajin jini daga mako 15 zuwa 20. Akwai kuma wanda ake kira NIPT, da ya fara aiki a 2011, wanda ke duba ɓurɓushin ƙwayoyin halittar mabiyiya da ke yawo a jinin uwa tun daga mako 10. Ya fi sauran dacewa nesa ba kusa ba, yana kama fiye da 99 cikin 100, amma yana da tsada, kuma shi ma ba hukunci ba ne.

Saboda haka idan aka ce wa mace sakamakonta ɗaya cikin 100 ne, ba a ce jaririnta yana da lalurar ba. Ma'anarsa ita ce cikin mata 100 masu irin sakamakonta, 99 za su haifi jariran da ba su da ita. Wajibi ne ma'aikacin lafiya ya faɗi wannan da Hausar da matar da mijinta za su gane, domin kalma ɗaya da aka jefa ba bayani tana iya hana gida barci har zuwa haihuwa.

Kishiyar wannan kuskure ita ce ɗaukar cewa tunda an yi hoton ciki an ce lafiya lau, magana ta ƙare. Hoton da aka saba yi yana nuna ko jariri na raye, da kwanciyarsa, da watanninsa, da ko tagwaye ne. Auna bayan wuya aiki ne na wanda ya samu horo a kansa, a cikin makonnin da suka dace. Ko babban hoton mako 18 zuwa 22, wanda zai iya nuna matsalar zuciya ko toshewar hanji, yakan wuce jarirai da yawa masu lalurar ba tare da ya ga komai ba. Shi kuwa tsoron cewa hoton yana ƙona jariri ko yana nakasa shi ba shi da dalili: na'urar da sauti take aiki, ba irin hasken hoton ƙashi ba ne.

Iri na biyu shi ne na tabbatarwa. Ana ɗiban ɗan yanki daga mabiyiya tsakanin mako 11 zuwa 14, ko a ja kaɗan daga ruwan faya da siririyar allura daga mako 15, a ƙirga kuromosom ɗin jaririn kai tsaye. Masu cewa wannan gwaji yana iya jawo ɓari sun yi gaskiya, amma haɗarin bai kai yadda ake zuzuta shi ba: a hannun ƙwararru bai wuce ɗaya cikin 200 ba. Shi ya sa ba kowa ake yi wa ba, kuma ba a yi sai da yardar mai cikin.

Duk waɗannan gwaje-gwaje suna rataye ne a kan lokaci, kuma nan ne matsalar yankin Batsari da Safana take. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2016, ta ce mai ciki ta fara awo cikin makonni 12 na farko, ta kuma yi hoton ciki ɗaya kafin mako 24. Amma al'adar ɓoye ƙaramin ciki, da kunyar ɗan fari, da nisan hanya, da rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan bakin dajin Rugu, suna sa mata da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya tsufa. Matar da ta fito daga Ruma ko Runka da cikin wata shida ta riga ta wuce lokacin yawancin gwaje-gwajen tantancewa. Ƙaramin asibitin gari ba wurin waɗannan gwaje-gwaje ba ne, amma daga nan ake samun takardar turawa zuwa manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Wasu na gudun gwajin don sun ji cewa hanya ce ta zubar da ciki. A wasu ƙasashen Turai haka sakamakon yakan kai, wannan gaskiya ne. A Arewacin Nijeriya kuwa dokar Final Kod ba ta halatta zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Amfanin sani a nan shi ne shiri. Kusan rabin jarirai masu lalurar Down ana haihuwarsu da matsalar zuciya, wasu da toshewar hanji mai bukatar tiyata cikin kwanakin farko, da yawa kuma ba sa iya kama nono da ƙarfi. Iyalin da suka sani tun da wuri za su tsara haihuwa a asibitin da ke da likitan yara maimakon a gida, su tanadi kuɗin mota da na magani, su kuma shirya zukatansu da na dangi.

Wadda ba ta samu gwaji ba har ta haihu ba ta makara ba. Ana tabbatar da lalurar da gwajin jinin jariri, sannan a duba zuciyarsa, da jinsa, da ganinsa, da ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, wadda rauninta kan ƙara jinkirin girma alhali maganinta ƙwaya ce mai sauƙi. Babu saiwa ko rubutu ko allurar da za ta cire ƙarin kuromosom, kuma duk mai sayar da irin wannan magani yaudara yake yi. Amma zancen cewa waɗannan yara ba sa rayuwa ko ba sa koyon komai shi ma ƙarya ne. Suna tafiya, suna magana, suna karatu gwargwadon ƙarfinsu, da yawa suna koyon sana'a, kuma a ƙasashen da ake yi musu aikin zuciya da wuri suna kaiwa shekara 60.