Gurbin Aiki da Ƙofar Maigida

Tun da kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aikin tarayya a 2023, har zargi ya kai ga hukumar da aka kafa don tabbatar da daidaito wajen ɗaukar ma'aikata, hirar majalisun unguwannin Pantami da Jekadafari a Gombe ta tsaya a kalma ɗaya: hassada. Wai wanda ya samu ba ya son ƙaninsa ya samu. Ni dai ina ganin an taƙaita zancen.

Wanda ya hau kujera ta hanyar "wa ka sani" ya san ba ƙwarewa ta kai shi ba, don haka duk matashi mai basira barazana ne gare shi. Ga guraben ba su da yawa. Gombe ta zama jiha a 1996, ta samu jami'arta a 2004, ta tarayya ta zo Kashere a 2011. Kowace shekara ana yaye ɗalibai, ofisoshin kuwa ba su ƙaru haka ba. Gurbi ya zama kadara, ana ɓoye shi ga ɗa ko suruki.

Abin da muka manta shi ne kasuwarmu ba haka ta ginu ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da yaransa ya yi ƙarfi: ya ba su jari, su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa, cinikinsu na haɓaka nasa na haɓaka. Haka dattawan kasuwar Tudun Hatsi suka taso. Yaro ya fara da ɗinkin buhu, ya koyi awo, a aike shi cin kasuwar Kumo, ranar da ya isa maigida ya sallame shi da jari da albarka. Ana auna girman maigida da yawan waɗanda ya yaye. Yau za ka tarar da mutum ya shekara goma sha biyar a shago, da iyalinsa, ba a taɓa nuna masa inda ake sarin kaya ba. Wannan zalunci ne, ko da ana ciyar da shi.

Don haka ya kamata gwamnatin jiha ta riƙa tallata kowane gurbi a rediyo, ta liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka da ƙananan hukumominsu. Shugabannin kasuwa kuma su yanke wa'adin zaman yaron shago, a rubuta shi gaban shaidu tun ranar da uba ya kawo ɗansa.