Maƙoƙo Ba Tabo: Tiyatar Seoul da Wuyan Matan Tursa

A shekarar 2007, a asibitin Severance da ke Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, likita Woong Youn Chung ya fara yi wa masu sankarar tayirod tiyata da na'ura ba tare da wuƙa ta taɓa fatar wuyansu ba. Ta hammata yake shiga. Ya tsaga can inda hannu ke rufewa, ya buɗe hanya a ƙarƙashin fata har wuya, sannan ya koma gefe ya zauna gaban allon na'urar da Vinci, yana juya siraran hannuwanta na ƙarfe da yatsunsa. Abin da ake cirewa shi ne tayirod, 'yar tsokar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Tun zamanin Theodor Kocher, likitan Suwizalan da ya samu kyautar Nobel a 1909 kan wannan aiki, yankan gaban wuya aka sani, kuma tabonsa na nan har tsufa.

Me ya sa sai Koriya? Daga 1999 gwamnatinsu ta shimfiɗa shirin binciken ciwon daji, asibitoci kuma suka riƙa ƙara wa mutane hoton wuya a kan kuɗi kaɗan. Tsakanin 1993 da 2011 yawan waɗanda aka ce suna da sankarar tayirod ya ninka sau 15, alhali yawan masu mutuwa da ita bai motsa ba. Ƙananan ƙulluttai ake tonowa, waɗanda da yawansu da an bar su ba za su taɓa kwantar da mai su ba. Cutar kuma ta fi kama mata, kusan uku ga namiji ɗaya. Ga dubban mata masu jini a jika, ga kuɗi, ga ƙyamar tabo: kasuwar na'ura ta buɗe. Sai a 2014 wasu likitocin ƙasar su takwas suka fito fili suka nemi a daina yi wa masu lafiya wannan hoto, aikin tiyatar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Daga baya hanyar ta koma baki. A 2016 likita Angkoon Anuwong na asibitin 'yan sanda a Bangkok ya wallafa sakamakon mutum 60 da ya yi wa aiki ta ƙananan ƙofofi uku a cikin leɓen ƙasa. Naman cikin baki yana warkewa ba alama, don haka wannan ce ta fi cancantar a kira ta marar tabo. Ta hammata ɓoye tabon kawai ta yi.

Sai dai tiyatar tana da sharuɗɗa, kuma a nan ne zancen ya iso Tursa, a ƙasar Rabah ta jihar Sakkwato. Likitoci ba sa bin ta baki sai ƙullin sankarar ƙarami ne, galibi bai wuce santimita 2 ba, wato kamar ƙwarar gurjiya, kuma bai bazu zuwa gefen wuya ba. Aikin ya fi daɗewa, ya fi tsada, yana kuma da nasa haɗarin: mutuwar leɓe da haɓa na wani lokaci in ta baki ne, ciwon jijiyar kafaɗa in ta hammata ne. Haɗarin dishewar murya da faɗuwar sinadarin kalsiyam, waɗanda ke cikin yankan gargajiya, suna nan daram. Na'urar ba ta ƙara wa kowa kwana a kan abin da ƙwararren hannu zai yi. Fata take karewa.

To, macen Tursa, ko ta Gandi, ko ta ƙauyukan bakin Rima tsakanin Wurno da Goronyo, da wane wuya take isa gaban likita? Maƙoƙo ba ya zafi da farko, hijabi kuma yana rufe shi. Ana fara shafe-shafe, a je wa wanzami ya yi tsaga, a sha saiwa, a ce ai na gado ne, kakarta ma da shi ta rasu. Sai haɗiyar tuwo ta gagara, ko numfashi ya riƙa sarƙewa in an kwanta, sannan miji ya sayar da buhun shinkafa ko albasa a nemi motar Sakkwato, in hanya ta yi lafiya, domin 'yan bindiga sun sa tafiya a gabashin jihar ta zama abin lissafi. A lokacin, abin da ke wuya ya cika tafin hannu. Irin wannan, ko a Seoul ne, ta gaban wuya za a yanka.

Asalin cutar ma ya bambanta. Ƙarancin aidin ne babban mai kawo maƙoƙo, kuma inda aidin ya yi ƙaranci an fi ganin nau'in sankarar da ke bin jini ta sauka a ƙashi da huhu. Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri a 1993, abin ya yi amfani ƙwarai. Amma aidin yana gudu daga gishirin da aka baza a faifai cikin rana, gishirin hamada irin kantun Bilma kuwa ba ta masana'anta ya biyo ba.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki zancen tabo a matsayin shagwaɓar masu kuɗi. Baƙar fata ta fi kowace saurin yin tabon nan mai tsiro, mai ƙaiƙayi, wanda ke ci gaba da girma bayan rauni ya rufe, kuma magance shi aiki ne ja. Budurwar da ke tsoron surutun dangin miji tana iya ƙin tiyata saboda shi, ta koma gida da cutarta. In ana maganar wanda ya fi buƙatar aiki ba tabo, matan nan suna sahun gaba.

Na'urar da Vinci kuɗinta ya haura dala miliyan 1, ban da kayan da ake sauyawa da wutar da ba ta ɗaukewa. Ta shiga Afirka ta Kudu a 2013, a wani asibitin mafitsara a Pretoria, kuma har yanzu a nahiyar aikin mafitsarar maza ta fi yi. Hanyar Anuwong ita ce ta fi kusa da hannu, don da kayan tiyatar madubi ya yi ta, irin waɗanda manyan asibitocin koyarwa ke cire matsarmama da su. Horon likita take nema, ba sabuwar na'ura ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato zai iya sa ta a gaba wata rana. Amma kafin nan ana buƙatar ma'aikacin lafiya a Rabah da zai shafa wuyan mai awon ciki ya tura ta hoto da gwajin allura, da ƙwayar tayirod mai araha da wadda aka cire wa tsokar duka za ta sha kullum har ƙarshen rayuwarta. Wadda kuma cutarta ta nemi maganin aidin mai ƙona ragowar sankara, Abuja ko Ibadan aka saba tura ta.