Idan Saniyar Gidanku Ta Fara Ɗingishi

'Yan uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta. Na san wata tana ganin kan maganar nan za ta taɓe baki ta ce, "Yau kuma an bar zancen soyayya an koma kiwo?" Ki yi haƙuri ki karanta, don kuwa a gidaje da dama nan Kaduna, tun daga Kawo da Rafin Guza har Hayin Banki, Mando da Rigasa, saniyar da ke ɗaure a turke ita ce asusun gida. Nononta ne cefane, ɗan maraƙinta ne kuɗin jarrabawarki, ranar da aka sa bikinki kuwa ita za a kalla wajen gado da katifa. Shi ya sa ake mata kirari da nagge daɗi goma. To duk girman nan nata a kan kofato yake tsaye, in kofato ya lalace komai ya tsaya.

Wa ke fara ganin ciwon? Ke ce. Baba ya fita kasuwa tun da sassafe, Yaya ya tafi wurin aiki, ke ce mai zuba mata dusa da harawa, ke ce mai riƙe ƙwarya a lokacin tatsa. Saboda haka ki sa ido. In kin ga tana ɗage ƙafa ɗaya, ko tana tafiya bayanta a gantsare, ko ta cika kwanciya, ta rage ci da tuƙa, nono ya ja baya, to a duba ƙafa. Mafi yawan ɗingishin shanu daga kofato yake tasowa, kuma ƙafafun baya sun fi kamuwa.

Kowace ƙafar saniya kofato biyu gare ta, da 'yar tattausar fata a tsakani. A cikin gari abin da ya fi cutar da su shi ne ƙusa, guntun waya, fasasshiyar kwalba da gwangwani, irin waɗanda muke watsarwa a bola da bakin kwata. Sai kuma damina. Daga watan Mayu zuwa Oktoba, balle a Agusta da ruwa ba ya ɗaukewa, turke kan zama taɓo haɗe da kashi da fitsari. Fatar nan ta jiƙa ta yi laushi, ta tsage, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Daga nan sai kumburi a saman kofato, zafi, da wani irin ɗoyi da ba ya ɓuya. Wannan shi ne ruɓewar kofato. Kaska ma takan maƙale a tsakanin, ƙuda kuma ya bi jini ya yi ƙwai, kafin a ankara tsutsa ta cika wurin.

A gidan Goggona na ga amfanin lura da wuri. Ƙanwarmu 'yar aji biyu a sakandare ce ta ce, "Goggo, wallahi farar nan tun jiya ba ta taka ƙafar hagu." Aka kira maza suka ɗaure ta, aka ɗaga ƙafar, sai ga 'yar ƙusa ta nutse a ƙasan kofato. Likitan dabbobi ya zo ya cire, ya fafe wurin mugunya ta fita, ya yi mata allura. Ba a rufa mako biyu ba ta miƙe garau. Da an yi sakaci, da sai dai Zangon Tudun Wada, kuma kowa ya san yadda ciniki yake in dillali da mahauci suka ga saniya na jan ƙafa, yadda suka ga dama haka za su taya.

Ga abin da za ki iya yi. Da fari dai kada ki kuskura ki ɗaga ƙafar saniya ke kaɗai, shurinta na karya ƙashi. Ki faɗa wa manya, a samu maza su ɗaure ta da igiya. A wanke ƙafar tas da ruwan ɗumi da gishiri, a bi tsakanin kofato da tsumma mai tsabta a fitar da laka da tsakuwa. In ƙaya ce ko dutse a sama-sama, a cire. In abin ya shiga ciki sosai, ko akwai kumburi da wari, ko ta ƙi cin abinci, to ya wuce aikin gida, a nemo likita a ranar. Bayan wanki a tsane wurin, a fesa maganin feshin nan na ciwon dabbobi don korar ƙuda. Sannan a sauya mata turke zuwa busasshen wuri mai tudu, a zuba yashi ko ƙaiƙayi, a kawo mata ci da sha har gabanta. Ke kuma ki wanke hannu da sabulu.

Don Allah a daina zuba baƙin mai, fetur ko ruwan batir a ciwo. Ƙona naman suke yi, su ƙara wa baiwar Allah azaba. Haka nan sayen allura a kasuwa a soka mata da ka, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. In likita ya yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, ki tambaye shi kwana nawa za a yi ba a sha nonon ba, ba a kuma sayar ba, domin maganin na fita a cikinsa. A kuma yi haƙuri da jinya, kofato kamar farce yake, tsironsa bai fi kimanin milimita 5 a wata ba.

Akwai wani ciwon da nake so ki bambance. In kin ga ɗingishi ya haɗu da dalalar yawu, da ƙuraje masu ruwa a baki, harshe da kan nono, kuma dabba fiye da ɗaya ta kamu, to ana zargin ciwon baki da kofato ne, wanda makiyaya ke kira boru. Yana yaɗuwa kamar wutar daji, har tumaki da awaki yana kamawa, yakan kuma kashe 'yan maruƙa. A ware mai ciwon, kada a kai ta mashaya ko kasuwa, a sanar da ma'aikatan dabbobi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar rigakafinsa, rigakafi kuwa ya fi magani.

Wadda ta ji wannan fanni ya kwanta mata a rai, ilminsa na kusa da mu. Ga Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi a kan titin Mando, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ga tsangayar likitancin dabbobi a Zariya, ga cibiyar NAPRI a Shika. Mace likitar dabbobi za ta shiga har cikin gida inda namiji sai ya tsaya a zaure, ta yi magana da matan da kiwon ke hannunsu.

Dabba ba ta da bakin da za ta ce ga inda ke mata ciwo, haƙƙinta na wuyan masu ita. Gobe da safe kafin ki ɗauki jakar makaranta, ki share turke, ki tsince ƙusa da kwalba, ki tsaya ki ga yadda take taka ƙasa. Allah Ya albarkaci dukiyar iyayenmu, Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.